'Yata likitar ido ce, ana so ta tsaya takara a ƙungiyar likitoci: in sa mata albarka ko in ce ta dakata?

Baban Likita, Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin asibiti daga ciki, domin ni ɗan kasuwa ne, kuma sanina game da ƙungiyoyin likitoci bai wuce abin da nake ji a rediyo idan sun tafi yajin aiki ba. 'Yata ta biyu ta karanta likitanci a Zariya, ta yi shekarar koyon aiki da ta hidimar ƙasa, sannan aure ya dawo da ita Legas, inda yanzu take neman ƙwarewa a fannin ido a ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa. Ta ci jarrabawar kashi na ɗaya, tana shirin ta ƙarshe.

Abin da ya taso shi ne, abokan aikinta sun matsa mata ta tsaya takarar sakatare a reshen ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa na asibitinsu. Mijinta ya ce shi bai hana ba, amma ta nemi albarkata tukuna. Ni kuwa tsoro nake ji kada manyanta su sa mata ido su ɗauke ta a matsayin mai tayar da ƙayar baya, kuma kada hidimar jama'a ta cinye lokacin karatunta, bayan duk shekarun da aka yi ana ɗawainiya. Ta kuma ambaci wata ƙungiyar ta likitocin ido zalla, wadda take son zuwa taronta ta gabatar da bincikenta, har na rasa wacce ce wacce. Shin shugabanci a irin waɗannan ƙungiyoyi yana ɗaga likita ne ko yana jan sa baya? In kuma yana da amfani, yanzu ne lokacinsa?

Tsohon Likitan Ido, Ikeja

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa 'yarmu albarka, ya ba ta sa'ar abin da ya rage. Kafin a ce ta tsaya ko kada ta tsaya, ya kamata a warware maka ruɗanin da ka ambata, saboda jama'a kan haɗa komai su kira shi ƙungiyar likitoci, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai hukumar MDCN, wadda gwamnati ta kafa da doka. Ita ce ke yi wa likita rajista, ta sabunta masa lasisi duk shekara, ta kuma hukunta shi idan ya ci amanar aiki. Akwai kwalejojin ƙwarewa guda biyu da 'yarka za ta iya zana jarrabawarsu, kuma dukkansu mazauninsu na nan Legas: Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a kan hanyar Badagry, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma da ke da ofishi a Yaba. Su ne ke tsara manhaja, su duba ko asibiti ya cancanci horar da likitoci, su kuma ce wane ya ƙware wane bai ƙware ba. Sai ƙungiyoyin neman haƙƙi, wato NMA ta dukkan likitoci, da NARD ta masu neman ƙwarewa, wadda ake so ta yi wa reshenta sakatare. Wadda take son zuwa taronta kuwa ita ce OSN, ƙungiyar likitocin ido ta Najeriya, kuma ita ba ruwanta da kiran yajin aiki. Harkarta ilimi ce: taron shekara-shekara, mujallar bincike, horaswa, da jan hankalin gwamnati kan matsalar makanta.

Game da OSN amsata gajera ce: ta je, ta biya kuɗin rajista, ta gabatar da bincikenta, in an nemi mai taimakawa a wani kwamiti ta ɗaga hannu. A nan ne malaman da za su zauna a gabanta ranar jarrabawa za su fara sanin fuskarta, a nan ne kuma ake jin labarin guraben ƙaro horo a Indiya ko Ingila a kan fannoni irin su hawan jinin ido da idon yara.

Game da kujerar sakatare kuwa, ra'ayina shi ne ta dakata. Dalilina ba tsoron manya ba ne. Daga ranar da yaro ya shiga jami'a zuwa ranar da zai zama ƙwararren likitan ido, ana cin shekara 12 zuwa 14, in yajin aikin jami'o'i bai ƙara masa ba, kuma shekarun ƙarshen nan da take ciki su ne waɗanda hannu ke faɗawa. Aikin cire yanar ido ana yin sa ne ta cikin madubin ƙara girma, a fili da bai kai faɗin farce ba, ƙafa na kan feda, hannu biyu na cikin ido. Fatar da ke riƙe da yanar ta bayanta ta fi ɓawon albasa sirantaka, kuma in ta yage aikin ya sauya gaba ɗaya. Ba a koyon wannan a littafi, sai da maimaici a gaban malamin da zai karɓi wuƙa idan abu ya rikice. Kwaleji tana buƙatar ta cike littafin da ake rubuta kowace tiyata da ta yi, malami ya sa hannu, tana kuma buƙatar kundin bincike da za ta kare a jarrabawar ƙarshe. Duk ranar tiyata da ta tafi taron sasantawa da hukumar asibiti, wani ne zai yi idanun da suka kamata su zama nata, kuma ba a rama su.

Ka dubi matan da suka yi fice a fanninmu. Farfesa Adenike Abiose ta shugabanci Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma duniya ta san ta ne da binciken da aka yi a ƙauyukan jihar Kaduna a kan maganin ivermectin da makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa. Dokta Fatima Kyari tana cikin waɗanda suka yi babban binciken makanta na ƙasa tsakanin 2005 da 2007, wanda ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya, cewa yanar ido ce ta jawo kashi 43 na makantar, hawan jinin ido kusan kashi 17, kuma arewa maso gabas ce ta fi kowane yanki yawan makafi. A 2024 ita aka naɗa magatakardar MDCN, hukumar da ke kan kowane likita a ƙasar nan. Dukkansu aikin hannu da bincike ne suka fara yi musu suna, kujera ta biyo baya.

Anti Nas, Mushin

Sannu Alhaji, sannu Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen ido, kuma ban isa in ja da Likita a kan maganar tiyata ba. Sai dai akwai wani gefe da nake so Alhaji ya gani, domin mu da ke zaune a teburin gwajin gani mu ne muke fara haɗuwa da mutanenmu.

Bahaushe a Legas ba ya zuwa asibitin ido da wuri. Kwanan baya an kawo mana wani dattijo mai sayar da raguna daga Alaba Rago, ɗansa na riƙe da hannunsa. Ya ce shi dai yana gani, sai dai yakan yi karo da mutane ta gefe. Da aka rufe masa idon dama aka ce ya karanta allo, ko hannun da nake kaɗawa a gabansa bai gani ba, shi kansa sai a ranar ya san idon hagu ya tafi. Hawan jinin ido ne, wanda ke cin jijiyar gani daga gefe zuwa tsakiya ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Likitan da ya duba shi ƙwararre ne, amma ba ya jin Hausa, dattijon kuma ba ya jin Turanci ko Yarabanci sosai. Ni aka kira in yi masa bayanin cewa maganin ɗigawar nan ba na mako biyu ba ne, na har abada ne, kuma ba zai dawo da idon da ya mutu ba, ɗayan zai tsare. Ya dube ni ya ce to mene ne amfanin maganin da ba ya warkarwa? Irin wannan majinyaci, in bai samu wanda ya zauna da shi da harshensa ba, kwalba ɗaya zai saya ya daina. Wasu kuma masu yana sukan koma gida a kai su wurin masu aikin gargajiya da ke tura yanar cikin ido da tsinke, su dawo mana da idon da ba ya gyaruwa.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, duk shekara ana yin makon hawan jinin ido a watan Maris, ana kuma yin ranar gani ta duniya a Alhamis ta biyu ta watan Oktoba, kuma rassan ƙungiyoyin nan su ne ke zaɓar inda za a kai gwajin ido kyauta. Wanda ke zaune a kwamiti shi ne ke cewa a je unguwa kaza. In babu namu a teburin, ba mugunta ce ke sa a manta da Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba ba, kawai babu wanda ya san Sarkin Hausawan wurin ko limamin da zai yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Don haka ni ina goyon bayan ta shiga a dama da ita. Ko wace kujera ce, wannan na bar wa likitoci. Abu guda zan ƙara a matsayina na mace: a zauna da mijin a yi magana ta gaskiya a kan yara da kwanan asibiti da cunkoson hanya, domin "ban hana ba" daban, "zan taimaka" daban.

Likita Ƙarami, Surulere

Ina gaida Baba Alhaji, ina kuma neman afuwar malaminmu na Ikeja, domin zan ɗan saɓa muku, ranku ya daɗe. Na taɓa riƙe muƙami a reshen ƙungiyar masu neman ƙwarewa, kuma na ci jarrabawata ta ƙarshe, saboda haka na ga abin ta fuska biyu.

Gaskiya ne aikin yana cin lokaci. Sakatare shi ne ke rubuta bayanin kowane taro, shi ke rubuta wa hukumar asibiti wasiƙa, shi ake bugawa waya da tsakar dare idan dangin majinyaci sun ɗaga wa likita hannu a sashen gaggawa, ko an tsallake sunan wani a biyan albashi, ko ɗakin kwanan masu aikin dare babu ruwa babu wuta. Idan uwar ƙungiya ta kira taro a wata jiha, shi da shugaba ne ke tafiya. Idan kuma aka shiga yajin aiki, sa hannunsa ne a ƙasan takarda. A 2021 an yi kusan wata biyu ana yajin aiki, gwamnati ta ce ba aiki ba albashi, magana ta kai har kotun ma'aikata. Wanda bai shirya wa irin wannan ba kada ya karɓa.

Inda na saɓa da malaminmu shi ne cewa a jira sai an ƙware. Wannan ƙungiya ta masu neman ƙwarewa ce, ranar da 'yar Baba ta ci jarrabawar ƙarshe ta fita daga cikinta ke nan. In kowane mai hankali da natsuwa ya ce sai ya gama, to kujerun za su faɗa hannun masu son hayaniya, sannan mu dawo muna kukan cewa ƙungiya ba ta san komai ba sai yajin aiki. Kuma horon da malaminmu ke so ta mayar da hankali a kai, ai ƙungiyar ce ta yi ta fafutuka har aka sa hannu a dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa a 2018, wadda ta ba horon gindin zama a doka, kuma har yau ita ke bin gwamnati a kan kuɗin tallafin jarrabawa da kwasa-kwasai. A 2023, da wani ɗan majalisar wakilai daga nan Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida, NMA da NARD ne suka fito suka ce ba ta haka ake tsayar da masu ficewa waje ba, a gyara albashi da kayan aiki.

Batun cewa shugabanci na kashe gaba kuwa, tarihi bai nuna haka kai tsaye ba. Farfesa Isaac Adewole ya shugabanci NARD a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da gwamnatin soja ta haramta ƙungiyoyin likitoci ta kuma tsare Dokta Beko Ransome-Kuti. Ya rasa aikinsa a lokacin, amma daga baya ya zama shugaban Jami'ar Ibadan, sannan ministan lafiya daga 2015 zuwa 2019. Ba ina cewa kowa zai yi irin wannan dacen ba, kuma na san waɗanda muƙami ya ja musu jinkirin jarrabawa. Abin da na lura shi ne, wanda ya shiga da kundin bincikensa a hannu yakan fita lafiya, wanda kuma ya shiga don ya guje wa karatu, ƙungiyar kan zama masa mafaka har lokaci ya ƙure.

Saboda haka tambayar da zan so Baba ya yi mata ita ce: kwaleji ta amince da taken bincikenta? Ta gama tattara bayanan majinyata? Littafin tiyatarta ya kusa cika? In amsar e ce, wa'adin galibi shekara ɗaya ne, za ta iya. In a'a ce, akwai mataimakin sakatare, akwai kwamitin ilimi, akwai na jin daɗin mambobi, duk ana koyon aiki a cikinsu ba tare da an ɗauki dukkan nauyin ba.

Mai Gwajin Gani, Obalende

Ni ba likitan tiyata ba ne, fannina auna gani da rubuta tabarau, kuma hukumarmu daban take da tasu. Roƙo ɗaya gare ni ga 'yar Alhaji in Allah ya kai ta shugabanci a ko'ina. Akwai daɗaɗɗen ja-in-ja tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya a kan wa ke gaba da wa, kuma a fannin ido majinyaci ne ke shan wahalarsa. Mutum ya fi saurin zuwa shagon tabarau fiye da asibitin koyarwa, don haka mu ne muke fara ganin mai ciwon sukari da jini ya fara tsattsafowa a bayan idonsa, ko wanda awo ya nuna matsin cikin idonsa ya hau. In akwai fahimta tsakaninmu, takarda ɗaya zan rubuta a gan shi cikin mako. In babu, sai ya yi ta yawo. Shugaban da ya gyara wannan hanya a unguwa ɗaya ya yi aikin da ya fi jawabi goma.

Tsohon Likitan Ido, Ikeja

Likita Ƙarami, ba ka yi laifi ba, kuma maganarka ta cewa kujerar ba ta jiran wanda ya ƙware tana da ƙarfi. Sharuɗɗan da ka kawo ma na karɓe su, sai dai zan ƙara ɗaya da ku matasa kukan raina: ta je da kanta ta sanar da shugaban sashenta da malamin da ke duba kundinta kafin ta sayi fom, kada su ji a bakin wani. Ba izini za ta nema ba, domin haƙƙinta ne, amma wanda aka girmama da sanarwa yakan gyara maka jadawalin tiyata idan taro ya ci karo da shi. Sannan a fanninmu akwai abin da ya bambanta mu da wasu sassa lokacin yajin aiki. Wanda aka yi wa tiyatar hawan jinin ido yana buƙatar a riƙa duba shi a kai a kai a makonnin farko, jaririn da aka haifa bakwaini kuma yana da ƙayyadadden lokacin da za a duba bayan idonsa, in ya wuce ya wuce. Sakataren da ya fito daga sashen ido ya kamata ya zama shi ne mai tunatar da 'yan uwansa irin waɗannan majinyata tun kafin a rufe ƙofa, a san wa za a miƙa wa su. In za ta iya faɗin wannan a gaban taron da ya fusata, to ta cancanci kujerar fiye da yadda na zata.

Baban Likita, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira ta na yi mata tambayoyin Likita Ƙarami ɗaya bayan ɗaya. Ta ce an amince da taken bincikenta, amma ba ta kai rabin majinyatan da take buƙata ba, littafin tiyata kuma da saura. Da kanta ta ce za ta gaya wa abokan aikinta su nemi wani a kujerar sakatare, ita za ta karɓi kwamitin ilimi, kuma za ta je taron OSN na bana. Mijinta zai zo gida ranar Lahadi mu yi maganar da Anti Nas ta kawo.

Anti Nas, game da gwajin ido kyauta, ina cikin kwamitin masallacin unguwarmu, kuma muna da fili mai rumfa da zai ɗauki jama'a. Wa ake rubuta wa takarda, kuma me ake so mu tanada?

Anti Nas, Mushin

Alhaji, ku rubuta wa shugaban reshen OSN na jihar Legas, ku ba 'yarku ta kai da hannunta, ku kuma aika kwafi ga shugaban sashen ido na asibitin da ya fi kusa da ku, tun watanni kafin Maris ko Oktoba, domin da wuri ake tsara wuraren. Ku tanadi wuri mai tsawon mita shida don allon gwajin gani, da ɗaki ɗaya da za a iya rage masa haske don duba cikin ido, da janareta, da kujeru, da layin mata daban. Ku samo matasa masu jin Hausa da Turanci su yi rajista da tafinta. A sanarwar Juma'a a ce 'yan shekara 40 zuwa sama, da masu ciwon sukari, da duk wanda wani a gidansu ya makance, su ne a gaba, kuma kowa ya zo da tabaransa da magungunan da yake ɗigawa. Ku kuma tambaye su tun farko inda za a tura waɗanda aka samu da yana da nawa aikin zai ci, don kwamitinku ya san abin da zai tara.